Raga, Tawada da Ranar Kano: Sana'ar da Na Riƙe Marayuna da Ita

Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Kano ce, uwar 'ya'ya huɗu, kuma sana'ata buga rubutu da zane a jikin riguna, hijabai, jakunkuna da ledoji. Bugun hannu nake yi, na firam da raga, wanda 'yan sana'a ke kira sikirin. Mata da yawa kan tambaye ni yadda aka yi na shiga aikin da a garinmu kusan duk maza ne ke yinsa, wasu kuma suna sha'awar koya amma sun ɗauka sai mai injinan miliyoyi. Shi ya sa na ga ya kamata in ba da labarin a tsanake.

An yi mini aure a 2006, ban daɗe da gama sakandare ba. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, yana da ɗan shago a Fagge. Ya koyi aikin ne a Sabon Gari wajen wani dattijo Bayarabe haifaffen Kano, wanda ya fara da rubuta allunan shaguna da buroshi kafin ya koma sikirin. A shekarun farko iyakar sanina da sana'ar shi ne tabon tawada a farcensa da warin tina, wato ruwan tsinka tawada, a rigarsa. Sai lokacin zaɓen 2011 aiki ya yi masa yawa har shago ya kasa ɗauka, ya fara kwaso riguna a buhu yana kawowa gida. Ni ce mai shanya, ni ce mai ninkewa, ni ce mai ƙirgawa dozin-dozin in ɗaure. Daga nan ya fara bar mini firam in wanke. Duk yaron shago da wanki yake farawa, domin a nan ne hannu ke sanin raga, ya san inda take jure gurza da inda za ta yage.

Wata rana ina wanke firam na ɗaga shi sama ina kallon yadda haske ke ratsa haruffan, na ce masa ni fa har yanzu ban gane yadda abin yake ba. Ya ce, "Ai kin fi ni sanin wannan. In za ki yi lallen salatef, ina lalle yake kamawa?" Na ce inda ba a rufe ba. Ya ce, "To shi ke nan. Riga ce ƙafar, firam ne salatef ɗin, tawada ce lallen." Tun daga ranar ya ɗauki koya mini da gaske, don ya ga ina so, kuma in aiki ya matse ya san yana da mataimaki a gida.

Firam katako ne mai kusurwa huɗu da kafinta ke haɗawa, sai a ja raga a kansa a ɗame ta da sitefla. Ragar yanzu ta zaren roba ce, kuma lamba-lamba ce: 43, 77, 90, 120, wato yawan zaren da ke cikin santimita ɗaya. Mai ƙaramar lamba idonta a buɗe yake, tana sakin tawada da yawa, ita ce ta farar tawada a kan baƙar riga da manyan haruffa. Mai babbar lamba idonta tsuke yake, ita ce ta leda da sitika da ƙananan rubutu irin lambar waya. Marigayi ba ya ƙaunar ragar da ta saki. Yakan ƙwanƙwasa ta da yatsa, in bai ji ta amsa ba sai a cire a sake ja, domin sakakkiyar raga tana jan rubutu gefe, bakin harafi ya fito da inuwa.

Abin da ake toshe idon raga da shi sunansa imalshan, wani ruwa ne mai kauri da ke zuwa tare da 'yar kwalbar garin da ake jiƙawa a zuba a ciki. Da zarar an haɗa su haske ya zama abin gudu, kuma makonni kaɗan yake yi kafin ya lalace, zafi kuwa yana ƙara gajarta kwanansa. Ni a gindin randa nake ajiye nawa. Ana shafa shi a raga ciki da waje, siriri, a ɗaki mai duhu, a kwantar da firam a kunna masa fanka har ya bushe. Zanen kuma a fitar da shi daga kwamfuta a kan takardar tiresin, baƙi ƙirin. In babu tiresin farar takarda ma tana yi, idan an shafe ta da man gyaɗa ko kananzir har haske ya riƙa ratsa ta, sai dai ba ta ba da kaifin baki. In tonar firinta ta yi ƙasa rubutu ya fito toka-toka, gara a buga biyu a ɗora ɗaya bisa ɗaya, don duk hasken da ya sulale ta cikin baƙin nan ɓarna zai yi.

Sai gasawa. A kife zanen a bayan firam, a danne da gilashi, a sa soso lulluɓe da baƙin ƙyalle daga ƙasa don takarda ta manne da raga sosai, a rufe da bargo a fito tsakar gida, sannan a yaye. Inda rana ta taɓa, imalshan ya ƙanƙare, ruwa ba zai ƙara narkar da shi ba. Inda baƙin rubutu ya kare yana nan ɗanye. A sake rufewa a kai inuwa, a jiƙa shi, a fesa ruwa a hankali, sai ka ga haruffa suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Har yau in na ga haka sai na ce Subhanallah.

Manyan shaguna suna da akwatin fitila na musamman mai agogo. Mu rana ce fitilarmu, kuma ranar Kano ba ta da rowa, sai dai ba kullum take ɗaya ba. Tsakar ranar bazara a watan Afrilu ko minti ɗaya ba ya cika. In hazo ya sauka a Disamba ko Janairu sai an ƙara. Da damina gajimare na iya giftawa kana tsakiyar ƙirge. In aka ɗauke da wuri, cikin firam zai yi santsi idan an taɓa, kuma ba zai kai ƙarshen aiki ba, ana tsaka da bugu zai fara ɓulewa tawada ta riƙa ɗiga inda ba a so. In aka bar shi ya wuce, haske ya zagaya ƙarƙashin siraran layuka ya toshe su, ɗigon harafi da ƙugiyar "ɗ" da "ƙ" su ɓace, sunan mutum ya koma wani suna. Dabarar da ya koya mini ita ce, duk sa'ad da yanayi ya juya ko aka buɗe sabon imalshan, a sadaukar da ƙaramin firam ɗaya: a rufe shi da kwali, a riƙa jan kwalin kaɗan-kaɗan bayan kowace daƙiƙa goma, a wanke, a duba yankin da ya fi kyau. Wannan ne lokacin da za a bi har yanayi ya sake canzawa. Ƙurar hunturu ita ma tana da nata sharrin. Kowace ƙwayar ƙura da ta sauka a ɗanyen imalshan huda ce, don haka kafin a zuba tawada sai an ɗaga firam an duba shi a haske, an toshe hudojin da ɗigon imalshan ko salatef.

Bugun kansa a ido yana da sauƙi. A shimfiɗa riga a kan allo mai ɗan gam don kada ta motsa, a sa ɗan kwali a ƙarƙashin kusurwoyin firam don raga ta ɗago kaɗan daga jikin riga, a zuba tawada a saman firam, a karkata robar ja, wadda muke kira sikwiji, a jawo ta da hannu biyu, ja ɗaya mai ƙarfi ba tsayawa. Mai koyo yakan danna da dukkan ƙarfinsa, tawada ta nutse cikin zare ta yi laɓe-laɓe. Abin da ake so ta zauna a saman yadi. Wannan ba a koyonsa da baki, sai hannu ya saba.

Amma abin da ya fi nanata mini, wanda kuma a kansa sana'ata ta tsaya har yau, shi ne dafa tawada. Tawadar da aka fi buga tishat da ita, filastisol, ba ta bushewa da iska ko za ta kwana bakwai a kan igiya. Sai zafi ya ratsa ta ciki da waje, wajen digiri 160 a ma'aunin Selshiyas, sannan take narkewa ta kama zare. Inda yaudarar take, tun kafin ta kai haka samanta yake bushewa, ka taɓa ka ji ba ta kama hannu, ka ninke ka ba mai kaya. Shi kuma ya ga aiki fes, ya biya yana murna. Wanki na biyu ko na uku rubutu ya tsattsage ya fara zubewa. Masu bugu da yawa sun san wannan sarai, amma na'urar hura zafi da injin danna riga suna shan wuta, in an ɗauke wuta kuma sai janareto, janareto sai fetur, sai su taƙaita. Marigayi yakan ce mai kaya ba zai taɓa ganin wannan mataki ba, amma Allah Yana gani, omo ma zai ba da shaida. Daga kowane aiki yakan zari riga ɗaya, ya ja rubutun da hannu biyu ya ga ko zai tsage, sannan ya miƙo mini ya ce in wanke ta da mugun wanki, in dirje. In ta tsira, kaya su fita. Ita kuwa tawadar ruwa tana bushewa da kanta, tana da laushi a jiki, amma ita ma sai an bi ta da guga mai zafi kafin ta jure wanki, ga shi da hunturu tana saurin bushewa a cikin raga ta toshe ido in hannu ya yi sanyi.

A 2015 aka ɗaga zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, makonni shida, aikin kamfe ya ƙaru. Wani ɗan kwangila da ke yi wa wani ɗan takara hidima ya kawo aikin riguna da hulunan hana-salla masu yawan gaske, ya ba da ɗan kafin alƙalami, ya yi rantsuwa cewa ragowar na nan tafe. Maigidana ya ɗauko riguna bashi a Kantin Kwari wajen wani Alhaji da suka daɗe suna hulɗa, ya yi aiki dare da rana, mutumin ya kwashe kaya. Ɗan takararsa ya faɗi, wayarsa ta daina shiga. Ban taɓa ganin maigidana cikin damuwa irin ta wannan shekara ba. Bai ce wa Alhajin Kwari ai shi ma an cuce shi ba, ya dai riƙa biya da kaɗan-kaɗan har ya gama, ya sayar da janaretonsa babba a ciki. A 2016, shekarar da naira ta faɗi kayan aiki suka yi tsada, ya kwanta rashin lafiya, Allah Ya karɓi abinSa. Autanmu a lokacin yana goye.

Bayan na fita takaba aka zauna rabon gado. Abin da ya bari ba yawa: babur, ɗan fili a bayan gari, da kayan shago. Yayansa, wanda shi ne babba a gidan kuma shi ya tsaya wa marayu, ya kawo shawarar a sayar da kayan shago gaba ɗaya. Mai saye ya zo ya taya, tayin da bai kai kuɗin teburin bugu kaɗai ba. Na ce, "Yaya, ina neman alfarma. A yi wa kayan nan kuɗi a sa a cikin tumunina, abin da ya haura a rubuta mini bashi a kan rabon yara, zan biya." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ke kin iya ne?" Na ce, "Na iya, Yaya. Ƙaninka ya koya mini." Ya ce, "To mace da shago a Fagge?" Na ce a gida zan yi. Ya sa aka rubuta a gaban shaidu, aka kwaso mini kaya a kura. Ina yi masa addu'a har gobe, domin da ya ƙi, babu mai ganin laifinsa.

Aikina na farko daga Islamiyyar da yarana ke zuwa ya fito. Na lura bajon da ke jikin hijabansu ya koɗe tun kafin zango ya ƙare, sai na buga guda biyar a ƙyalle, na wanke biyu daga ciki sosai, na aika wa shugaban makarantar ta hannun babbar 'yata, na ce a gaya wa Malam ya nuna wanda aka wanke. Bai iya bambancewa ba. Ya aiko da aikin bajon dukan makaranta. Daga nan wata makarantar boko mai zaman kanta ta ji labari, ta kawo rigunan wasannin motsa jiki, ja da kore da shuɗi da rawaya. A nan wani darasi na marigayi ya yi mini rana: jesi na zaren roba, musamman ja, in aka buga masa fari aka dafa da zafi mai yawa, rinin jikin yadin yana tasowa ya shiga farin, bayan kwana ɗaya ko biyu ya koma ruwan hoda. Akwai farar tawada ta musamman da ke tare wannan, tana da tsada, kuma sai an sassauta zafi. Na saya, na sa kuɗinta a lissafi, na yi wa mai makarantar bayani. Shekara tara ke nan ba ta kai aikinta wani wuri ba.

Kayan aiki a Sabon Gari nake saye, galibi wajen wani Ibo da ya san maigidana. Ranar da na fara zuwa da kaina ya ɗauka aiko ni aka yi, sai da na ce ya buɗe mini robar imalshan in ga ko ya fara dunƙulewa. Ya ce, "Hajiya, ashe ke ce Oga yanzu." Ya yi mini ta'aziyya, ya kuma ba ni kaya bashi sau da yawa ba tare da na roƙa ba. Abin da babu a Kano daga Legas yake sa a turo, daga wajejen Shomolu inda 'yan ɗab'i suka yi sansani. Riguna kuma Kwari, wajen Alhajin nan da marigayi ya biya bashinsa har ƙarshe. Wannan biyan shi ne jarin da ya fi kowanne amfani a wurina, don da sunansa na shiga kasuwar aka yarda da ni.

Inda kasancewata mace ya buɗe mini ƙofa shi ne harkar biki. Uwar amarya ba za ta so zuwa shagon maza ta zauna tana zaɓen launi da salon rubutu ba, amma za ta shigo ɗakina ta cire mayafi mu yi awa guda muna shawara. Jakunkunan rabo, ledoji, hankici, mafici, duk sai suka riƙa zuwa. Kowanne da halinsa. Jakar nan mai taushi da ake rabo a ciki ba ta son zafi ko kaɗan, narkewa take yi, don haka tawadar da ke bushewa da iska ake sa mata. Leda kuwa akwai wadda aka gyara fuskarta tun daga masana'anta don ta karɓi tawada, akwai wadda ba a gyara ba. Kafin in karɓi aikin leda sai na buga ɗaya, ta bushe, in manna salatef in fizge. In rubutu ya biyo salatef, sai in ce wa Hajiya a canza leda, ko da kuwa ta riga ta sayo dila guda. Kuma ba na gasa firam sai mai aiki ya karanta rubutun da bakinsa ya ce ya yi, musamman sunan ango da amarya da kwanan wata, don bayan an buga ɗari biyar babu gyara.

Akwai aikin da ba na karɓa. Lokacin saukar karatu da Maulidi akan kawo mini a buga aya ko sunan Allah a jikin leda, jakar rabo ko riga. Nakan ce a yi haƙuri. Ledar nan gobe tana bola, rigar nan yaro zai shiga banɗaki da ita, ni kuma ruwan da zan wanke firam ɗin da shi kwata zai bi. Nakan ba da shawara a sa sunan makaranta da shekara da kalmar taya murna. Malamai da yawa sun gode mini, wasu kuma sun tafi wani wuri, ban damu ba. Ko rubutun Larabci na sunan makaranta ne sai an kula, don kwamfuta takan rarraba haruffan ko ta juya su baya-gaba, wanda bai iya karantawa ba kuma ba zai lura ba.

Tawadar leda ce ta fitar da ni daga gida. Da tina ake tsinka ta, da tina ake wanke ta, warinta yana sa ciwon kai da jiri, ga ta da saurin kama wuta, ni kuwa ina aiki a tsakar gidan haya da murhu a gefe da yara suna kai-kawo. Wata maƙwabciyata mai ciki ta same ni cikin mutunci ta ce warin yana tayar mata da zuciya. Gaskiyarta ce. Na shiga adashi, da na kwasa a 2019 na kama shago a bakin titin unguwarmu. Ban duba girmansa ba, tagogi na duba, biyu masu fuskantar juna. Ina roƙon duk wadda za ta fara wannan sana'a a gida ta tsaya a tawadar ruwa, ta bar aikin tina sai ta sami fili. Safar hannu da abin rufe hanci ba ƙawa ba ne. Na ga maza 'yan sana'a suna wanke hannu da tina su ci abinci, abin yana damuna ƙwarai.

Zaɓen 2019 da na 2023 duk na yi aikin siyasa, amma da sharaɗina: su kawo rigunansu, su biya rabin kuɗin aiki kafin in taɓa firam, su cika kafin riga ɗaya ta fita. Wanda ya ce ban san ko shi waye ba, nakan ce na sani, ranka ya daɗe, amma marayu nake riƙo. A ganina duk shagon da ya jingina da kakar zaɓe yana wasa da rayuwarsa. Wata uku na ruwan kuɗi, in ma an biya, sai shekara huɗu na jira. Makarantar da ke kawo bajo kowane Satumba ta fi mini ɗan takara goma.

Korona ta gwada wannan magana tawa. A Maris na 2020 aka rufe makarantu, a Afrilu aka kulle Kano, aka hana taron biki, wato dukan ƙafafun da nake tsaye a kansu aka share lokaci guda. Mun ci abin da na tara har ya kusa ƙarewa. Abin da ya tallafe mu takunkumi ne: teloli na ɗinkawa, ƙungiyoyi da shaguna na so a buga musu suna a jiki, ni kuma ina bugawa da tawadar ruwa tunda abu ne da zai zauna a hanci. Sai wajen Oktoba makarantu suka dawo. Shekarar 2023 kuwa ta zo da ƙarancin takardun kuɗi a farkonta, sannan aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, aka saki naira a Yuni, dala ta yi ta hawa har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Tawada, raga, imalshan, duk daga waje suke zuwa, don haka kowane zuwa Sabon Gari da sabon farashi. A nan ne na ga abokan sana'a da dama sun koma rage dafawa da tsinka tawada fiye da ƙima don su riƙe tsohon farashi. Ni na ƙara kuɗi na faɗa wa mutanena dalili. Na kuma koma tara aikin dafawa sai sa'ad da aka kawo wuta, ko da tsakar dare ne, in kwana a shago da babban ɗana.

Lissafin wannan sana'a yana da wani abu da mai shigowa ya kamata ya gane da wuri. Wahalar haɗa firam ɗaya ce, ko riga ashirin za a buga ko ɗari biyar, kuma kowane launi da nasa firam, da nasa jira ya bushe, da nasa daidaitawa don kada ja ya hau kan kore. Shi ya sa ƙaramin aiki mai launi huɗu asara ne in ba a yi hankali ba. Nakan zauna da mai aiki mu rage zanensa zuwa launi ɗaya ko biyu, sau da yawa ma ya fi fitowa. Nakan kuma ajiye firam ɗin makarantun da nake wa aiki, in rubuta suna a gefen katakon, shekara na zagayowa sai dai in kakkaɓe ƙura. Wanda aikinsa ya ƙare kuma a wanke imalshan ɗin da bilic a sake amfani da ragar.

Yanzu ga injinan DTF sun shigo gari, waɗanda ke buga hoto mai kowane irin launi a kan wata 'yar leda, a barbaɗa garin gam, a danna a jikin riga da zafi. Wasu na cewa sikirin ya mutu. Ni ban ga haka ba. In mutum na son riga biyar da hoton fuska, ba na ɓata lokacinsa, nakan kai a bugo mini a wajen masu injin in danna masa a nan. Amma in riga ɗari uku ce da launi ɗaya, ko leda dubu biyu, har yanzu babu abin da ya kai firam araha da sauri, kuma ba ya neman wuta sai wajen dafawa.

Bashin da aka rubuta mini a kan rabon yara na gama biya tun kafin in kama shago, Yaya ya yaga takardar a gabana. Babbar 'yata, wadda ta kai wa Malam bajon farko, ita ke yi mini zane a kwamfuta da manhajar CorelDRAW yanzu, tana kuma karatu a jami'a. Akwai 'yan mata uku da ke koyo a wurina, biyu daga cikinsu marayu ne, da wata bazawara da ta riga ta fara karɓar aikin biki a unguwarsu. Dukkansu da wankin firam suka fara, kuma babu wadda nake bari ta miƙa wa mai kaya aiki sai ta wanke guda ɗaya da hannunta ta kawo mini na gani. Adashin da nake ciki yanzu in na kwasa, teburin juyi mai ɗaukar firam huɗu zan saya, don makarantu sun fara neman bajo mai launi uku, kuma daidaita su da hannu yana cinye mana yini guda.